John Newton: Kyaftin ɗin jirgin bayin da tubarsa ta ɗauki shekara 40

A watan Janairun 1788 wani ɗan ƙaramin littafi ya fito a birnin Landan, kwamitin da ke fafutukar hana cinikin bayi kuma ya aika wa kowane ɗan majalisar dokokin Birtaniya kwafi guda. Marubucinsa dattijo ne mai shekara 62, limamin wata majami'a da ke tsakiyar unguwar bankuna, wanda aka sani da wa'azi da tsara waƙoƙin ibada. Abin da ya ba littafin nauyi shi ne mai shi ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin bayi. Sau uku yana jagorantar jirgi daga Liverpool zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya sayi maza da mata da yara, ya ɗaure su a cikin jirgi, ya kai su kasuwannin tsibiran Karibiyan.

Sunansa John Newton, kuma duniya ta fi saninsa da waƙar nan ta Amazing Grace. Labarin da aka fi yaɗawa a kansa gajere ne mai daɗin ji: guguwa ta rutsa da shi a teku, ya tuba, ya watsar da cinikin bayi, ya zauna ya rubuta waƙa. Takardun da ya bari da hannunsa sun nuna wani jeri daban. Duk tafiye-tafiyen da ya yi a matsayin kyaftin ɗin jirgin bayi bayan guguwar ya yi su, kuma kusan shekara 40 ce ta raba ranar da ya fara roƙon jinƙan Allah da ranar da ya fito fili ya amsa laifinsa a kan 'yan Afirka. A cikin wannan tazara ne ake ganin ƙarfin koyarwar Kirista game da tuba da alheri, a nan ne kuma ake ganin tambayar da ta fi yi mata nauyi.

Maraya a bakin kogi

An haifi Newton ranar 24 ga Yuli, 1725, bisa tsohuwar kalandar Ingila, a unguwar Wapping da ke bakin Kogin Thames a Landan, unguwar matuƙa jirgi da masu dako. Mahaifinsa kyaftin ne na jiragen kasuwanci a Bahar Rum, mutum mai tsanani wanda ɗansa ya fi jin tsoronsa fiye da sabawa da shi. Mahaifiyarsa, Elizabeth, mace ce mai ibada da ke bin ɗaya daga cikin ikilisiyoyin da ba sa ƙarƙashin cocin gwamnati. Ita ta koya masa karatu da haddar ayoyin Littafi Mai Tsarki, tana fatan wata rana ya zama mai wa'azi. Tarin fuka ya ɗauke ta a watan Yulin 1732, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 7.

Bayan kimanin shekara 2 a makarantar kwana, sai uban ya ɗauke shi zuwa teku yana da shekara 11. Tun daga nan rayuwarsa ta zama ta kai da kawo tsakanin tsananin ibada da tsananin shashanci. A ƙarshen 1742 uban ya samo masa aiki a gonakin rake na Jamaika ta hannun wani attajirin Liverpool mai suna Joseph Manesty. Kafin ya tashi ya kai ziyara gidan dangin mahaifiyarsa a Chatham, inda ya ga Mary Catlett, wadda ake kira Polly. Son ta ya kama shi har ya yi ta jinkiri, jirgin Jamaika ya tafi ya bar shi.

A 1744 masu kamen dole na rundunar sojan ruwa suka cafke shi, aka jefa shi cikin jirgin yaƙi mai suna Harwich. Alfarmar uba ta sa aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa, amma da ya ji jirgin zai yi tafiyar shekaru zuwa gabas mai nisa sai ya gudu. Aka kamo shi, aka tsula masa bulala a gaban ma'aikatan jirgin, aka tuɓe masa muƙami. A wannan lokaci ya riga ya yi watsi da addini baki ɗaya, ya zama gwanin saɓo da yi wa masu ibada ba'a. Da jirgin ya isa tsibirin Madeira a 1745, kyaftin ya yi musayarsa da wani matuƙi, aka mayar da shi jirgin 'yan kasuwa mai suna Pegasus, wanda ya nufi Saliyo sayen bayi.

Bawan bayi a tsibirin Plantain

A gaɓar Saliyo ya bar jirgin ya shiga aiki ƙarƙashin wani Bature dillalin bayi mai suna Amos Clow, wanda ya kafa sansani a tsibirin Plantain. Newton ya zaci arziki ya samu, sai ga shi ya faɗa cikin ƙasƙanci. Zazzaɓi ya kwantar da shi a lokacin da ubangidan nasa ya yi tafiya, matar gidan kuwa, 'yar wani babban gida na yankin, ta tsane shi, ta bar shi da yunwa. Ya rubuta daga baya cewa da dare yakan lallaɓa gona ya tono saiwa ya ci ɗanya, kuma bayin da ke ɗaure ne suke ɓoyo masa abinci daga ɗan abin da ake ba su. Littafi ɗaya tak yake da shi, na lissafin Euclid, yakan zauna a bakin teku yana zana darussansa a kan yashi.

Wanda ya ɗanɗani irin wannan, aka kuma ciyar da shi daga hannun ɗaurarru, ana iya zaton zai fita daga harkar har abada. Hakan bai faru ba. Da ya koma hannun wani dillalin da ya kyautata masa, sai ya saki jiki da sana'ar, har ya fara jin zai iya ƙare rayuwarsa a can. A farkon 1747 wani jirgi mai suna Greyhound, wanda Manesty ya umarci kyaftin ɗinsa ya nemo shi bisa roƙon uban, ya same shi a gaɓar. Begen Polly ne ya sa ya yarda ya hau.

Daren guguwa

Jirgin Greyhound zinariya da hauren giwa da kakin zuma da itacen rini yake saye, kuma ya shafe kusan shekara guda yana bin gaɓar kafin ya juya gida. A kan hanya Newton ya ɗauki wani tsohon littafin ibada na Thomas à Kempis don kashe lokaci, tunani ya darsu a ransa cewa mai yiwuwa abin da ke ciki gaskiya ne, ya yi maza ya rufe shi.

Daren 10 ga Maris, 1748, wanda ya yi daidai da 21 ga Maris a sabuwar kalanda, guguwa ta afka wa jirgin a arewacin Tekun Atalantika. Ruwa ya fasa gefensa ya cika ɗakin da Newton ke kwance. Yana shirin hawa sama sai kyaftin ya aike shi ya ɗauko wuƙa, mutumin da ya hau a madadinsa kuwa igiyar ruwa ta share shi nan take. Newton ya yi sa'o'i ɗaure da igiya a jikin famfon kwashe ruwa, daga baya aka sa shi riƙon akalar jirgin har tsakar dare. A cikin wannan hali ne ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji, abin da ya yi shekaru bai yi ba, nan da nan kuma ya tambayi kansa ko akwai sauran jinƙai ga irinsa.

Sun yi mako huɗu suna yawo a kan ruwa da fasasshen jirgi, abinci na ƙarewa, kyaftin yana cewa Newton ne Yunusan da ya jawo musu masifa. Shi kuwa ya duƙufa karanta Sabon Alkawari, inda misalin ɗan da ya ɓace, a Bisharar Luka sura ta 15, ya fi taɓa shi: saurayi ya karɓi gadonsa ya lalatar a ƙasa mai nisa, ya dawo a wulaƙance, uban ya tarye shi tun yana nesa. Ranar 8 ga Afrilu suka shiga mashigin Lough Swilly da ke arewacin Ailan. Har ƙarshen rayuwarsa Newton bai bar ranar 21 ga Maris ta wuce ba tare da ya keɓe kansa don addu'a ba. Mahaifinsa dai bai sake ganinsa ba, domin ya tafi aiki yankin Hudson Bay na Kanada, inda ruwa ya ci shi a 1750.

Addu'a a sama, mari a ƙasa

Aikin farko da sabon tubabben ya karɓa shi ne mataimakin kyaftin a jirgin bayi mai suna Brownlow, wanda ya je Saliyo ya wuce Charleston a Amurka a 1749. A watan Fabrairun 1750 ya auri Polly, a shekarar kuma Manesty ya ba shi jirgin kansa, Duke of Argyle, wanda ya kai bayi tsibirin Antigua. Tsakanin 1752 da 1754 ya yi tafiya biyu a jirgin African zuwa tsibirin St Kitts.

Kundin da yake rubutawa kullum a cikin jirgi ya tsira, an kuma buga shi a 1962. A cikinsa ana ganin mutum mai tsari wanda ya hana zagi, yana jagorantar ma'aikatansa ibada ranar Lahadi, yana koyon Latin, yana rubuta wa matarsa wasiƙun ƙauna. A shafukan nan dai ana ganinsa yana ciniki a bakin koguna, yana ƙin sayen macen da ya ga ba za ta yi kuɗi ba, yana sa wa maza mari da sarƙa. Da ya gano ana shirin bore, ya sa an matse manyan yatsun wasu yara da ƙarfe har suka faɗi sunayen jagororin. Idan ɗaurarre ya mutu, lambarsa yake rubutawa, domin ba a ɗaukar sunan kowa.

Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa a lokacin ko kusa bai ji wata shakka game da halascin sana'ar ba. Yana ganinta a matsayin rabon da Allah ya yanka masa, sana'a ce ta mutunci a idon jama'arsa, abin da kawai ke damunsa shi ne ta mayar da shi kamar gandiroba mai hulɗa da sarƙa da makulli. Doka ta halatta ta, majalisa na kare ta, arzikin Liverpool da Bristol a kanta ya ginu. Cikin kimanin mutum miliyan 12.5 da aka ɗora a jiragen bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, sama da miliyan 3 jiragen Birtaniya ne suka kwashe su.

Rashin lafiya ce ta raba shi da teku. A watan Nuwamban 1754, ana gab da tashin wani sabon jirgi da zai jagoranta, wata irin suma mai kama da farfaɗiya ta buge shi, likitoci suka hana shi tafiya. A 1755 ya samu aikin jami'in kwastam mai binciken jiragen da ke shigowa Liverpool, kuɗin da ya tara kuma ya bar su a hannun Manesty, wanda jiragensa suka ci gaba da zuwa Afirka.

Koyarwar da ya rayu a kai

A Liverpool ya koyi Girkanci da Ibrananci da kansa, ya saurari manyan masu wa'azin farfaɗowar addini na zamanin, George Whitefield da John Wesley, ya kuma nemi a naɗa shi limami a Cocin Ingila. Shugabannin cocin suka yi ta ƙin sa, saboda ba shi da digirin jami'a kuma yana hulɗa da mutanen da ake yi wa kallon masu zafin addini. Sai a 1764, da taimakon Lord Dartmouth, aka naɗa shi aka tura shi Olney, wani ƙaramin gari a Buckinghamshire da yawancin mazaunansa talakawa ne masu saƙar leshi. Wani attajiri mai suna John Thornton yana ba shi fam 200 a shekara don ya taimaka wa mabukata.

Koyarwar da ya yi ta nanatawa a Olney ita ce ginshiƙin Furotesta tun zamanin Martin Luther. A wannan fahimta, kowane ɗan Adam mai zunubi ne, kuma ba wanda ke iya sayen gafara da yawan aikinsa. Ceto kyauta ce daga Allah, wadda Kirista ke kira alheri, kuma sun gaskata cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ce ta biya bashin zunubi. Bangaskiya ita ce hannun da ake miƙawa a karɓi kyautar, tuba kuwa juyowa ce daga tsohuwar hanya. Wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Romawa da Afisawa su ne madogarar wannan koyarwa, Cocin Ingila kuma ta sanya ta a sashe na 11 na ƙa'idojinta 39 na bangaskiya, sashe na 12 ya biyo da cewa ayyukan kirki 'ya'yan bangaskiya ne da ke fitowa bayanta, kamar yadda ake gane itace da abin da ya haifa.

Ga mutum irin Newton, wannan koyarwa ita ce kaɗai ƙofar da ta rage a buɗe, domin in da aiki ake aunawa ya san ba shi da abin kai wa ma'auni. Shi ya sa wa'azinsa ya kasance mai taushi ga masu rauni, wasiƙunsa na nasiha kuma, waɗanda aka tattara a littattafai irin su Cardiphonia na 1781, suka yi farin jini. A wasu daga cikinsu ya kwatanta girman mai bi da misalin shuka da ke Bisharar Markus sura ta 4: da farko tsiro, sa'an nan zangarniya, daga bisani cikakkiyar ƙwaya. Ya yarda cewa a daren guguwa tsiro ne kawai ya ɓullo, kuma bai ɗauki kansa cikakken mai bi ba sai bayan wani lokaci mai tsawo.

Tun zamanin manzanni ake yi wa wannan koyarwa tambaya guda: in gafara kyauta ce, me zai hana azzalumi ya karɓe ta ya ci gaba da zalunci? Littafi Mai Tsarki da kansa ya tinkari tambayar. Bulus ya yi watsi da tunanin cewa yawan alheri lasisin zunubi ne. Wasiƙar Yakubu ta kira bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya. A Luka sura ta 19, Zakka mai karɓar haraji ya nuna tubarsa da alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Idan aka auna Newton na shekarun 1750 da wannan ma'auni, za a ga mutumin da ya tuba daga saɓo da zagi da fasiƙanci, laifuffukan da jama'arsa ke ƙyama, ya bar laifin da jama'arsa ke cin riba da shi. Misalin tsiro da zangarniya ya bayyana yadda hakan ta faru, sai dai mutanen da ke ɗaure a cikin jirginsa ba su da lokacin jiran shukar ta nuna.

A Olney ne ya ƙulla abota da mawaƙi William Cowper, wanda ya tare a garin a 1767. Tare suka tsara waƙoƙin da aka buga a 1779 da sunan Olney Hymns, guda 348, kimanin 280 na Newton ne. Amazing Grace ya shirya ta ne don wa'azin ranar 1 ga Janairu, 1773, a kan addu'ar Sarki Dawuda da ke Littafin Tarihi na Fari sura ta 17. Kwanaki kaɗan bayan wannan wa'azi Cowper ya faɗa cikin matsanancin ciwon damuwa, ya tabbatar wa kansa cewa Allah ya yashe shi har abada. Newton da matarsa suka riƙe shi a gidansu sama da shekara guda. Mai wa'azin cewa babu wanda ya yi nisan da jinƙai ba zai kai gare shi ba ya kasa shawo kan amininsa mafi kusa cewa jinƙan ya haɗa da shi.

Daga mumbari zuwa majalisa

A 1780 ya koma Landan a matsayin limamin majami'ar St Mary Woolnoth da ke titin Lombard. A lokacin iska ta fara sauyawa. Shari'ar Somerset ta 1772 ta girgiza matsayin bauta a cikin Ingila, John Wesley ya buga littafin la'antar bauta tun 1774, a 1783 kuma aka ji shari'ar jirgin Zong, wanda ma'aikatansa suka jefa sama da mutum 130 cikin teku, masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su. A shekarar ce mabiya ɗariƙar Quaker suka kai wa majalisa ƙorafi. Duk wannan lokaci Newton, wanda ya fi yawancinsu sanin cikin jirgin bayi, bai buga komai a kan batun ba.

A watan Disamban 1785 wani ɗan majalisa mai shekara 26, William Wilberforce, wakilin Yorkshire kuma aminin Firaminista William Pitt, ya zo wurinsa a asirce. Ya shiga wani yanayi na farkawar addini, yana tunanin barin siyasa. Newton ya ba shi shawarar ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Wannan shawara tana cikin abubuwa mafi tasiri da ya yi a rayuwarsa, domin Wilberforce ne ya ɗauki ƙudurin hana cinikin bayi ya yi ta kai shi gaban majalisa kusan shekara 20.

Bayan kafa ƙungiyar hana cinikin bayi a watan Mayun 1787, wadda Thomas Clarkson da Granville Sharp ke cikinta, sai Newton ya buɗe baki. Littafinsa na 1788, Thoughts upon the African Slave Trade, ya fara da amincewa cewa furucin ya zo a makare, kuma abin kunya ne gare shi har abada cewa ya taɓa zama ma'aikaci a harkar da yanzu zuciyarsa ke kaɗuwa da tuna ta. Ya bayyana yadda ake jera mutane a matse a ƙarƙashin jirgi, yadda ake wayar gari a tarar da rayayye ɗaure da gawa, yadda matuƙa ke keta haddin mata da 'yan mata, da irin azabar da ake yi wa waɗanda suka yi bore. Ya ƙaryata masu cewa 'yan Afirka ba su da tausayi ko gaskiya, ya ce a yankin Sherbro ya zauna lafiya a tsakaninsu, kuma idan aka zargi ɗan ƙasar da ha'inci yakan tambaya ko an ɗauke shi Bature ne. Ya kuma ba da shaida a gaban majalisar mashawartan sarki, da kuma kwamitin majalisar wakilai a 1790, shekarar da ciwon daji ya ɗauke masa Polly.

Muryarsa ɗaya ce cikin muryoyi da yawa. 'Yan Afirka da suka ɗanɗani bauta sun yi magana da kansu: Ottobah Cugoano ya buga littafinsa a 1787, Olaudah Equiano a 1789, a 1791 kuma bayin Haiti suka ɗauki makamai. A shekarar ce majalisa ta kayar da ƙudurin Wilberforce da ƙuri'a 163 a kan 88. Sai a watan Fabrairun 1807 majalisar wakilai ta amince da shi da ƙuri'a 283 a kan 16, ya zama doka ranar 25 ga Maris. Newton, wanda ya kusa makancewa kuma ƙwaƙwalwarsa ta raunana, ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1807, yana da shekara 82.

Zaren da ya iso ƙasar Hausa

Newton yana cikin limaman da suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, Saliyo kuma na cikin wuraren da ta fara aiki. Bayan dokar 1807, jiragen yaƙin Birtaniya sukan tare jiragen bayi su sauke mutanen a Freetown, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa da Nupawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yantar a 1822, ya zama bishop a 1864. Wani ma'aikacin CMS, Bajamushe James Frederick Schön, wanda ya bi ayarin binciken Kogin Kwara na 1841 tare da Crowther, ya koyi Hausa daga bakin irin waɗannan 'yantattu, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Ƙungiyar ce ta kawo Dokta Walter Miller ƙasar Zazzau a farkon ƙarni na 20, aikin da ya haifar da Wusasa, ya kuma taimaka wajen fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Abin da ya bari

Dokar 1807 ciniki kawai ta hana. Bautar kanta ta ci gaba a yankunan mulkin Birtaniya har dokar 1833, wadda ta ware fam miliyan 20 na diyya, aka biya masu bayin, waɗanda aka bautar ba su samu ko sisi ba. Muhawarar da Zakka ya buɗe tana nan har yau a tsakanin cibiyoyin da suka ci ribar harkar. Majalisar Cocin Ingila ta nemi afuwa a 2006, a 2023 kuma masu kula da dukiyar cocin suka yi alkawarin fam miliyan 100 bayan bincike ya nuna alaƙar asusunsu da cinikin bayi, yayin da ƙasashen Karibiyan ke ci gaba da neman cikakkiyar diyya.

Waƙarsa ba ta yi wani tashe a Ingila ba lokacin da yake raye. A Amurka ta samu gindin zama, inda aka haɗa ta da karin da aka san ta da shi yanzu a 1835, jikokin waɗanda aka bautar kuma suka mayar da ita tasu, a majami'u da kuma lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata. A watan Yunin 2015 Shugaba Barack Obama ya rera ta a jana'izar Fasto Clementa Pinckney, ɗaya daga cikin baƙar fata 9 da wani ɗan wariyar launin fata ya harbe a cikin coci a Charleston, garin da jirgin Brownlow ya sauke bayi a 1749.

An binne Newton a St Mary Woolnoth, a 1893 aka mayar da ƙasusuwansa da na matarsa Olney. Rubutun kabarinsa shi ya tsara shi da kansa. Ya kwatanta kansa a matsayin tsohon marar imani kuma fasiƙi, wanda ya taɓa zama baran bayi a Afirka, wanda jinƙan Almasihu ya kiyaye, ya gafarta masa, ya sa shi wa'azin addinin da ya daɗe yana ƙoƙarin rushewa. Rubutun bai ambaci jiragen Duke of Argyle da African ba. Ɗaruruwan mutanen da ya tsallakar da su teku kuwa, abin da ya rage nasu a tarihi shi ne lambobin da ya rubuta a kundinsa.